Aikin kai ko aikin kamfani: abin da masu rubuta manhaja suka gani

Mai tambaya, Ƙofar Kaura, Katsina:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙanena ya kammala karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, kuma ya rasa na zaɓa tsakanin aikin da wani kamfani ya ba shi a Abuja da zama gida yana neman kwangila da kansa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin ɗaya daga ciki su gaya mana abin da suka gani.

Mai zaman kansa, Sabon Layi:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni manhajar duba sakamakon jarabawa nake yi wa makarantu masu zaman kansu, sai ta lissafin kaya ga masu shagunan magani. Babu abin da ke faranta mini rai kamar in shiga shago in tarar da yaron shago yana karanta wa maigidansa cinikin rana daga abin da na rubuta da hannuna. Sai dai rubutun ba shi ne mai wahala ba, bin kuɗi ne, domin akwai mai makarantar da na miƙa wa aiki, kullum na je sai ya ce in yi haƙuri har iyaye su biya kuɗin zango. Ga shi kuma hayar sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar a intanet, da dala ake biya, alhali ni da naira ake biyana, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Waɗanda ke samun aiki a Upwork, shafin intanet na neman kwangila inda ake biya da dala, su ne suka ci ribar wannan tashi, ba irinmu ba.

Ma'aikaciyar kamfani, 'yar Katsina mazauniyar Abuja:
Malam, albashi yana shigowa ƙarshen wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma bisa dokar fansho ta 2014 kamfani yana zuba mini kashi 10 cikin ɗari, ni ina zuba 8. Abin da ya fi wannan amfani shi ne manyanmu suna bin duk layin da na rubuta suna gyarawa kafin a saki aiki, kuma a nan na koyi sana'ar da gaske. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ɗaya ne: na taɓa shafe watanni ina gina wani sashe, aka soke shi a taron da ba a ma gayyace ni ba.

Wanda ya yi duka biyun, Daura:
Shawarata ƙanenka ya karɓi aikin Abuja tukuna, ya koyi yadda ake rubuta yarjejeniya da yadda ake yi wa aiki farashi. Da na dawo gida, abin da ya sa na tsaya da ƙafafuna shi ne ba na fara aikin kowa sai ya ba da rabin kuɗi, kuma sai na tanadi sola da abin da zai riƙe iyali na wani lokaci kafin na ajiye albashi.