Kwamfaresa tana ƙugi, ta ƙi tashi in akwai iska a tanki

Assalamu alaikum iyayen gidana, masu gyaran inji. Ina aikin fentin ƙofofin ƙarfe a Zango, nan Damagaram. Na sayi kwamfaresa (injin matsa iska na feshin fenti) ta hannu, mai bel, tankinta lita 100, wutar 220.

In tanki ba iska, lafiya lau take tashi, ta cika har matsin iskar ya kai bar 8 ta tsaya da kanta. Amma da iska ta ragu ta zo sake tashi, sai motar lantarkin da ke juya ta ta yi ta ƙugi ba ta juyawa, ta ɗau zafi, wuta ta yanke. Sai na zubar da iskar duka kafin ta yarda. Kuma wannan "fiss" da ake ji lokacin da kwamfaresa ta tsaya, tawa ba ta yin sa. Shi ya sa zargina ya fi karkata ga bawul ɗin da ke sauke iskar kan fistan, ko da yake wani mai gyara ya ce kondansa, wadda ke taimaka wa motar tashi, ce ta gaji.

Na canza mai, na kakkaɓe ƙurar hunturu daga filta. Ruwan da na tsiyaye daga ƙasan tanki kuwa ja ne da tsatsa, abin ya tsorata ni, yara na aiki kusa da ita.

Don Allah wanne zan fara dubawa? Kuma ta yaya ake gane tankin da bai kamata a ƙara ba shi iska ba?