Ƙanina ya fara rabar da kayansa yana neman yafiya, me zan yi?

Maman Hanif:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanina ne, shekararsa 24, tun da jarinsa na shagon waya ya karye bashi ya hau kansa ya daina fita, abinci sai an yi da gaske, dare kuma ina jin motsinsa har asuba. Jiya ya ba ɗana agogonsa da takalmin ƙwallonsa, ya ce min "Yaya ki yafe min, kun kusa hutawa da ni." Hajiya ta ce sammu ne a yi masa ruƙiyya. Ni wallahi gabana faɗuwa yake.

Nas Ɗan Zariya:
Hajiya wannan ba na jira ba ne. Rabon kaya, neman yafiya, ganin kansa ya zama nauyi, duk alamu ne masu ƙarfi. Ki zauna da shi yau, ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye: kana tunanin kashe kanka ne? Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, da yawa ma sai su samu sauƙi an buɗe musu ƙofa. Maganin ƙwari, na ɓera, ƙwayoyin da ke gidan duk ki kwashe ki kulle, kar a bar shi shi kaɗai. Gobe ku je asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, ko sashen a asibitin koyarwa mafi kusa. In abin ya yi tsanani cikin dare kai tsaye ɓangaren gaggawa, ko ki kira 112.

Ummu Sadiq:
Addu'a a yi ta, ba ta hana ganin likita. Amma dan Allah kar a tara masa mutane ana ta "ba ka da tawakkali, wuta za ka shiga", ni na taɓa shiga wannan halin bayan haihuwata ta biyu, irin maganar nan ce ta sa na rufe bakina wata uku. Antina ce kawai take zuwa ta zauna gefen katifa ta yi shiru tana jina, ita ta kai ni asibiti. Kuma in kin ga ya saki fuska kwatsam kar ki ce ya warke, ki ƙara sa ido.

Maman Hanif:
Na tambaye shi bayan isha'i. Ya daɗe bai ce komai ba sai kuka, ya ce eh. Yayanmu zai kwana ɗakinsa yau, ƙarfe 7 za mu tafi Dawanau. Ku sa mu a addu'a.