Neman kalma: yaya za mu ce "amateur radio" da Hausa?

Mai Gabatarwa: Salamu alaikum jama'a, dan Allah a taimaka min da gaggawa. Ranar Alhamis da daddare zan sa hirar da na yi da wani dattijo a Fagge, tun yana saurayi yake haɗa rediyo da hannunsa har yau da furfurarsa bai daina ba, kuma yana da lasisin magana da mutanen ƙasashen waje ta na'urar da ke ɗakinsa. Turawa na ce wa abin amateur radio ko ham radio. Oga ya ce kar in kuskura in yi ingausa a shirin, kuma gobe da azahar zan miƙa rubutun.

Ɗan Kurna: Rediyon 'yan dagaji mana, haka masu labarin wasanni suke cewa a dambe da ƙwallo.

Injiniya: A'a wallahi, dagaji raini ne. Mutumin da sai ya ci jarrabawa kafin a ba shi lasisi da lambar kira, ta Najeriya da 5N take farawa, shi ne ɗan dagaji? Abin da ake nufi kawai ba don kuɗi yake yi ba, doka ma ta hana shi talla ko sa kiɗa. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, JY1 ce lambarsa, kuma ƙungiyarsu ta duniya tun 1925 aka kafa ta a Faris.

Maman Hanif: To ba oba-oba ba ce?

Injiniya: Hajiya oba-oba ta masu gadi ce, ba ta wani nisa. Wannan yawanci gajeren zango ne, sigina ya tashi sama ya bugi wani rufi na sararin samaniya ya dawo ƙasa can da nisa, shi ya sa daga Fagge mutum zai gaisa da na Burazil ba netwok ba kati, bayan nan su aika wa juna katin shaida ta gidan waya. Kuma ki raba abu biyu Mai Gabatarwa, haɗa akwatin saurare daban, aika magana daban. Ƴar ƙaramar nan da ake naɗa wayar tagulla a jikin kwali a sa ɗan ƙaramin kayan lantarkin nan da ake kira dayod guda ɗaya, a ja doguwar eriya daga soro zuwa darbejiya, a kafa ƙarfe a ƙasa mai laima, ko batir ba ta buƙata don ƙarfin siginar ne ke motsa abin kunnen, amma saurare kaɗai take, ba ruwanta da lasisi. Ita ki ce rediyo haɗin gida shikenan.

Malam Nahawu: Duk kun tsallake babbar matsalar. Ita kalmar rediyon, Hausa ce? Mun zama malalata, komai sai dai mu lanƙwasa bakin Bature. Magabata sun ce wayar iska, don haka ni na ce zumuntar iska, ta fito da ma'anar tsaf babu aro ko ɗaya.

Ɗan Kurna: Allah gafarta Malam, to shi mai yin abin fa, ɗan me za a kira shi? hhhh

Malam Nahawu: Irin wannan shashancin ne ya hana harshen nan ci gaba. Mazumuncin iska za a ce.

Maman Hanif: Malam a yi haƙuri amma ranar da aka ce wa dattijon Fagge mazumuncin iska a gidan rediyo jikokinsa ba za su iya fita layi ba.

Injiniya: Kuma wayar da ka kafa hujja da ita ma aro ce Malam. BBC tun 1957 suke shiri da Hausa, rediyo suke cewa, kakata a Gwale rediyo take cewa, wa za ka koya wa sabo yanzu?

Malam Nahawu: Da aka ce yanar gizo ma haka kuka yi ta dariya, yau ga shi a bakin kowa. Ku injiniyoyi kunya kuke ji a ji ku da Hausa tsantsa kar a ce ba ku yi boko ba.

Basakkwace: Ku dai Kanawa kun ɗauka Hausa gadon gidanku ce, ku yanke a zaure ku ce kowa ya bi.

Ɗan Kurna: To kawo taka mana.

Basakkwace: Ban da ita, na dai hwaɗi gaskiya.

Mai Gabatarwa: Jama'a lokaci fa. Rediyon sha'awa? ko rediyon sa-kai, tunda na ji suna taimakawa da sadarwa in bala'i ya katse layukan waya?

Maman Hanif: Sha'awa kam a'a ƙanwata, kin san mutanenmu, za a cika miki layi da kiran banza. Sa-kai kuma za a zata ta 'yan sintiri ce.

Malam Nahawu: A kai wa masana a BUK su zauna a kai, ba a ƙirƙirar kalma a tsaye.

Mai Gabatarwa: Kafin gobe da azahar Malam? Na kira Baban yanzu, ya yi dariya ya ce su dai 'yan ham suke ce wa kansu.

Ɗan Kurna: Kar ki soma, ham fa naman alade ne da Turanci, a Kano kike.

Injiniya: Ki ce rediyon zumunci, sai ki bi da bayani sau ɗaya a farko, cewa masu lasisi ne da ke magana da juna ta na'urorinsu ba don kuɗi ba. Bai kama haɗe-haɗen da suke yi ba gaskiya, amma ba zagi a ciki.

Malam Nahawu: Wato an ɗauki rabin kalmata an manna mata Turanci. Ban yarda ba, amma a rubuta cewa zumuncin daga wurina ya fito.

Mai Gabatarwa: An rubuta Malam, na gode. Saura call sign, lambar kira ta yi ko?

Malam Nahawu: Lamba ma aro ce.