Musayar Waƙa a kan Roberto Clemente, Mai Lamba 21

Bazazzagi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota waƙa. Shekara uku ke nan ina karatu a Pittsburgh, kuma ranar Asabar ɗin da ta wuce na tsallaka gadar nan mai ruwan ɗorawa da aka sa wa sunan Roberto Clemente, na shiga filin PNC Park kallon bezbol, wato wasan da ake jefo wa mutum ƙwallo ya make ta da kulki ya zura da gudu. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya nuna mini katangar dama can bayan fili, ya ce da gangan aka yi tsayinta ƙafa 21, domin ita ce lambar rigar Clemente, ɗan garin Karolina na Puwerto Riko, mutumin da ya tsare wa ƙungiyar Pirates wannan ɓangare daga 1955 zuwa 1972, tun suna tsofaffin filayensu. Aikin mai tsaron bayan fili shi ne ya cafke ƙwallon da aka buga nesa kafin ta taɓa ƙasa, idan kuwa ta taɓa, ya jefo ta kafin mai gudu ya isa zango. Gwanayen tsaro na kowace shekara kuma ana ba su kyautar Safar Zinare. Ga abin da na rubuta a daren.

Da sunan Allah nake farawa,
Yabon gwani nake shiryawa,
Ɗan Karolina mai burgewa,
Roberto, gwarzon bayan fili.

Gidan manoman rake ya tashi,
Uba Melchor ne ya rene shi,
Talauci ya kasa tanƙwara shi,
Ya ɗauki kulki da kyan hali.

Hannunsa in ya saki daga dama,
Mai gudu sai ya yi nadama,
Kafin ya kai zango an kama,
Jifa ne wanda ba shi misali.

Sha biyu ya ci Safar Zinare,
Shekara bi shekara a jere,
Bugu dubu uku, cif, a ƙare,
Wannan shi ne babban dalili.

Bakano:
Wa alaikumus salam, taubashina. Waƙarka ta yi daɗin ji, kuma na yarda cewa ɗan Puwerto Rikon nan gwani ne, sai dai ka yi yabon kamar shi kaɗai ya taɓa tsayawa a bayan fili. Willie Mays na ƙungiyar Giants ma Safar Zinare 12 gare shi, sannan ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 660, alhali gwaninka a 240 ya tsaya.

Bazazzagi, sannu da ƙoƙari,
Ka je Amurka ka sha ɗari,
Ka ɗauko gwarzonka da sauri,
Ka manta Mays, sarkin fili.

Sha biyun nan da kake taƙama,
Willie Mays ya riƙe su shi ma,
Bugun tsallake katanga kuma,
Ɗari shida da sittin, duba jadawali.

Naka bai kai rabin wannan ba,
Lissafi ba zai yi ƙarya ba,
Tsaka ba za ta zam kada ba,
Zazzau, ku dawo cikin hankali.

Bazazzagi:
Bakano ɗan kasuwa, na gane,
Komai a gunka ciniki ne,
Ka ɗauki gwarzo kamar zane,
Kana ta ƙirga shi kwali-kwali.

Forbes fili ne mai faɗi,
Bugun sama can yakan faɗi,
Sai ya zaɓi bugu mai daɗi,
Ƙasa-ƙasa, mai ratsa fili.

Filin Forbes, inda ya yi mafi yawan shekarunsa, katangunsa suna da nisa ƙwarai, har ƙwallon da za ta tsallake a wani gari sai ta faɗa hannun mai tsaro a can. Saboda haka ya karkata ga bugun da ke ratsa tsakanin masu tsaro, kuma da shi ya zama zakaran masu bugu na rukunin National League, ɗaya daga manyan rukunai biyu na bezbol a Amurka, sau huɗu, a 1961, 1964, 1965 da 1967. A cikin kowace dama 1,000 da ya samu tsawon rayuwarsa ta wasa ya ci 317, kuma a 1966 aka zaɓe shi ɗan wasa mafi daraja na rukunin. Wanda ya ƙirga bugu iri ɗaya ya bar sauran bai yi wa mutumin adalci ba.

Malamar Adabi:
Na karanta baitocinku duka, kuma Allah ya ƙara basira. Amma ba zan wuce ɗangon ƙarshe na baiti na biyu a waƙar Bakano ba tare da na yi magana ba, domin 'yan uwansa gaɓa tara-tara ko goma suke ɗauke da su, shi kuwa 13 ya kwaso.

Ɗana Bakano, ka yi gaggawa,
Ɗangon ƙarshe yana ɗingisawa,
Gaɓa sha uku ba ta shiguwa
A gidan tara, gyara tubali.

Shi kuwa Bazazzagi, haɗa “faɗi” da “faɗi” da ya yi gwaninta ce, tun da na farko yalwa yake nufi, na biyu kuma saukowa ƙasa.

Bakano:
Allah ya ƙara girma, Malama. Lamba ba a rage mata gaɓa, 660 dai 660 ce, kuma ban ga dalilin da za a duba nawa da tabarau a yafe wa wani ba.

Malama, na rusuna na gaida ki,
Gyaran nan na karɓa daga gare ki,
Amma ɗanki na Zazzau, in tambaye ki,
Sau nawa zai ci da kalmar fili?

Bazazzagi:
Sau biyu na rufe baiti da ita, kai ma kuma da ita ka rufe baitinka na farko, yanzu ga ta ka sake kawowa.

Badamagare:
Ni dai ina bayan Bakano a wannan karon, duk da cewa mu da Kanawa ba mu cika haɗuwa a layi ɗaya ba. Na rera ɗangon da ake ƙorafi a kansa sau uku, kuma idan aka yi sauri a kan “ɗari shida da” yana zama daram. Makaɗan baka ba su taɓa ƙirga gaɓa da yatsa ba, kunne ne alƙalinsu.

Malama, kunne shi ne mizani,
Ba yatsa ba, ba alƙalami ba, ni
Na rera shi ya zauna a bakina,
Ku bar Bakano da nasa ƙauli.

Malamar Adabi:
Malam Badamagare, abin da muke yi a nan rubutacciyar waƙa ce, kuma ita tana da karinta da malamanmu suka gina a kan aruli, inda ake duba doguwar gaɓa da gajera, ƙirgan da na yi kuwa matakin farko ne kawai. Makaɗi yana da kalangu da 'yan amshi da za su rufa masa asiri idan ɗango ya zarce, mai rubutu kuwa takarda ce kaɗai a gabansa. Baitin da ka kawo domin kare shi ma ya karya amsa-amon ciki, domin “mizani” da “ni” sun tafi tare, “bakina” ya bi wata hanya.

Badamagare:
Na ji, Malama, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Waƙar da ba a rera ta ba ai ba ta cika ba.

Bakano:
Madalla da Damagaram. Yau an ga mai faɗin gaskiya.

'Yar Zangon Kumasi:
Malama da yayyena, ina neman afuwa. Kwana biyu ke nan ana maganar gaɓa, mutumin da aka buɗe zancen dominsa kuwa an bar shi tsaye a bayan fili. Yaya Bakano, Mays da Clemente sun tsaya fili ɗaya a ƙungiyar Santurce ta Puwerto Riko a kakar hunturun 1954 zuwa 1955, don haka ba sai an rusa ɗaya kafin a gina ɗaya ba. Abin da ya fi kama zuciyata game da shi shi ne yadda ya riƙe mutuncinsa, yana baƙar fata, yana kuma magana da Sifaniyanci, a zamanin da 'yan jarida ke rubuta Ingilishinsa yadda ya furta domin a yi masa dariya. Mu da muka tashi a zango, muna Hausa a gida muna wani harshe a waje, mun san zafin wannan.

Sun so su gutsure masa suna,
Suka buga Bob a kan katuna,
Ya ƙi shi ƙememe, ya nuna
Roberto ne sunansa na asali.

A Filorida an ware masauki,
Fari yana cin abinci a ɗaki,
Baƙi a mota, abin mamaki,
Shi ko ya ƙi shiru kan wannan hali.

A 1960 Pirates suka doke Yankees a gasar ƙarshe ta World Series, amma da aka zo zaɓen ɗan wasa mafi daraja sai aka jefa shi na takwas, kuma abin ya daɗe yana ci masa rai. A 1971 ya ba da amsa a fili, lokacin da suka doke Baltimore Orioles, ya ci 414 cikin 1,000 a lissafin bugunsa, aka ba shi kyautar gwarzon gasar. Wasanni 14 ya buga a gasannin biyu, kuma babu ko ɗaya da ya fita bai yi bugun nasara ba, wato bugun da ke kai mai shi zango lafiya. Da aka miƙa masa makirufo a talabijin, Amurka duka tana kallo, da Sifaniyanci ya fara, ya nemi albarkar iyayensa, sannan ya koma Ingilishi.

Bazazzagi:
Allah ya yi miki albarka, ƙanwata, kin dawo da mu hanya. Bugunsa na nasara na 3,000 ya zo ranar 30 ga Satumba, 1972, a filin Three Rivers, daga jifan Jon Matlack na New York Mets, ya kai shi zango na biyu. Ranar 23 ga Disamba girgizar ƙasa ta rushe Managuwa, babban birnin Nikaraguwa, inda 'yan makonni kafin nan ya je a matsayin kocin tawagar Puwerto Riko. Ya tara abinci da magunguna ya aika, sai labari ya iso masa cewa sojojin Somoza, mai riƙe da ikon ƙasar a lokacin, suna karkatar da kayan, shi ne ya yanke shawarar raka na gaba da kansa, yana ganin idan yana wurin za a ji kunyar taɓawa. Jirgin saman tsoho ne ƙirar DC-7, an kuma yi masa lodi fiye da kima, ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga San Juwan, babban birnin Puwerto Riko, a daren 31 ga Disamba. Shekarunsa 38, ya bar matarsa Vera da 'ya'ya maza uku. Abokin wasansa Manny Sanguillén ya yi ta nutso yana nemansa, ba a kuwa taɓa samun gawar ba.

Ƙasa ta girgiza a Managuwa,
Ya tara kaya yana aikawa,
Sojan Somoza suna kwashewa,
Ya ce zai raka su har mahalli.

Daren da shekara ke ƙarewa,
Jirgi da nauyi yake tasowa,
Teku ta karɓe shi ba dawowa,
Vera tana gaɓa ita da iyali.

Bakano:
Ku yi haƙuri da jinkirina, kwana uku na yi ina juya baitin nan na ƙarshe. Har gobe ina nan a kan cewa babu wanda ya kai Mays, wanda ya kama ƙwallon nan yana gudu ya ba wa mai bugu baya a gasar World Series ta 1954. Amma na san cewa a 1973 aka shigar da Clemente zauren gwanaye na Cooperstown ba tare da jiran shekara biyar da aka saba ba, kuma kyautar da ake bai wa ɗan wasan da ya fi taimakon jama'a sunansa take ɗauke da shi tun daga wannan shekarar. Wanda ya fara karɓarta a 1971, kafin a sauya mata suna, Mays ne. Ke nan gwanina yana riƙe da kyautar da ake kira da sunan gwaninka, taubashi.

Bazazzagi, yau na ajiye zambo,
Gwaninka ya cancanci yabo,
Dubu uku cif shi ne rabo,
Ba a ƙara ɗaya ba a jadawali.

Bazazzagi:
Na karɓa hannu biyu. Ranar 15 ga Satumba ita ce ranar tunawa da shi a duk filayen gasar, kuma 'yan Pirates sukan sa lamba 21 a ranar. In Allah ya kai mu zan nemi kujera kusa da katangar nan, in rera baitocinmu duka, har da na Damagaram. Malama, a duba mana na Bakano kafin lokacin.

Malamar Adabi:
Ɗangon “Dubu uku cif shi ne rabo” shi ne mafi kyawun abin da ka rubuta a wannan musayar, ɗana, kuma kada ka taɓa shi. Na ƙarshen ne ya sake zarcewa da gaɓa uku. Ka mai da shi haka:

Dubu uku cif shi ne rabo,
Babu ƙari a jadawali.