Yankan ƙasa yana fitowa a karkace a AutoCAD: daga ina matsalar take?

Mai koyon safiyo:
Assalamu alaikum. A manhajar zanen injiniyoyi ta AutoCAD, na gina fuskar ƙasa daga awon da aka ɗauko a fili, na shimfiɗa layin tsakiyar hanya a kanta, sannan na yanka ta a gicciye domin in ga haƙa da ciko. Faɗin hanyar mita 10 ne, gangaren gefenta kuma 1:2 (mita 1 a tsaye ga kowace mita 2 a kwance), amma idan na juya zanen sai in ga gangaren ya miƙe kamar bango, a wani wurin kuma hanyar ta fi awonta faɗi. Don Allah, yaya zan kalli yankan a kusurwar da ta dace?

Injiniyan hanya:
Wa alaikumus salam. Malam, sai ka fara rarrabe karkatar yanka da karkatar kallo, domin sakamakonsu kishiyar juna ne. Idan layin yankan bai gitta layin tsakiya a digiri 90 ba, duk abin da ke kwance zai ƙara tsawo: karkatar digiri 30 tana mai da mita 10 zuwa kusan 11.55, gangaren 1:2 kuma ya kwanta ya koma wajen 1:2.3. Idan kuwa yankan daidai yake, kai ne kake kallonsa daga gefe da digiri 30 ɗin, faɗin zai tsuke zuwa mita 8.66, gangaren kuma ya ƙara tsayuwa a ido. Tunda ka ga duka biyun, ina kyautata zaton duka biyun suna tare da kai.

Game da kallon, ka daina juya zanen da hannu, don ido ba ya auna kusurwa. Yi amfani da umarnin UCS, wanda ke saita shimfiɗar da ake aiki a kanta, ka ba shi ɗigo uku: ƙarshen layin yankan na hagu, ƙarshensa na dama, da wani ɗigo da ke tsaye cak a saman na farkon. Daga nan ka rubuta PLAN, manhajar za ta fuskantar da kai ga yankan kai tsaye. Hagu da dama ana ƙidaya su ne yayin da mutum yake fuskantar inda lambobin nisan hanya suke ƙaruwa. Ka kuma kashe yanayin kallon da ke ƙanƙantar da abin nesa, domin ba a awo a cikinsa.

Mai zanen taswira:
Bayanin Injiniya ya gamsar, sai dai digiri 30 ba za ta mai da gangaren 1:2 kamar bango ba. Ka duba ninkin ma'aunin tsaye. A zanen tsawon hanya an saba sanya 1:1000 a kwance da 1:100 a tsaye, wato ninki 10, kuma idan wannan salon ya biyo ka zuwa yankan gicciye, gangaren da bai kai digiri 27 ba zai bayyana kusan 79. Mayar da ninkin 1 kafin ka yanke hukunci.

Mai koyon safiyo:
Na gode ƙwarai, ninkin yana kan 10 kuwa. To, a kan kwana fa, ina digiri 90 take?

Injiniyan hanya:
A kan kwana, layin yankan yana nufar cibiyar da'irar kwanar, saboda haka yankan da ke jere ba za su yi kafaɗa da kafaɗa ba, kuma idan ka tsawaita su sosai a cikin kwana mai tsanani za su haɗu, lissafin ƙasar ya rikice. Civil 3D, wato nau'in AutoCAD na aikin hanyoyi da ƙasa, yana jera su haka da kansa idan aka samar da su daga layin tsakiya. Inda ake karkatar da yanka da gangan shi ne wurin kwalbati ko gada da ruwa ya ratsa hanyar a karkace, amma irin wannan ba a sanya shi cikin lissafin haƙa da ciko, domin a digiri 30 kaɗai zai kumbura faɗin yankan da kusan kashi 15 cikin 100.