Kaskon turare na katako: wa ta taɓa zuba masa garwashi?

Mai tambaya, daga Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Surukata ta dawo Umara ta kawo mini tsarabar kaskon turare na katako, an yi masa ado da ƙusoshin tagulla da 'yan madubai. Ni kuwa tun tasowata na ƙasa na sani. Yau sati biyu yana kan tebur ina kallonsa yana kallona. Katako da wuta fa? Wadda ta gwada ta taimaka mini.

Wata Hajiya mazauniyar Jidda: Wa'alaikumus salam 'yata. Mabkhara ke nan, kuma garin Ha'il na nan Saudiyya ne ya yi suna wajen sassaƙa su. Leƙa cikinsa, za ki ga an shimfiɗa ƙarfe. Ni sai na fara zuba toka kamar cokali biyu, na ɗora garwashi ƙwaya ɗaya wanda ya gama ci ya yi fari, sannan ɗan guntun itacen ud da bai kai ƙwallon dabino ba. An yi shi da katako ne don a iya riƙewa, saboda a nan zagayawa ake yi da shi hannu zuwa hannu bayan an sha gahawa, kowa ya kara gemunsa ko mayafinta. Kuma in kin ga an fito da shi, to ki nemi takalminki. Larabawa na cewa bayan turare babu zama. Farkon zuwana ban sani ba, na gyara zama ina jan hira.

Wata 'yar Maiduguri: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma turarensu daban namu daban. Nasu busasshen ice ne. Namu na sandal da hawi da gabgab an dafa shi da sukari an jiƙe shi da turaren mai, yana hawa wuta yake narkewa. Ni ganau ce. Ranar sunan ƙanwata na cika irin wannan kasko da garwashi, na kifa kabbasa, wato kwandon turara kaya, a kai na baza lafaya, na fita tarbar baƙi. Sukarin ya tafaso ya gangara ta inda ƙarfen ya haɗu da katakon, ya kama ci a hankali. Da na dawo ƙauri ne ya tare ni a bakin ƙofa, gefen kaskon ya zama gawayi, lafayar kuma wanki uku ba su raba ta da warin ba. Tun daga ranar, in turara kaya ne ko ɗakin amarya, na ƙasa nake ɗauka. Ya fashe ma nawa yake?

Wani magidanci daga Zinder: Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Nawa ba na garwashi ba ne, ɗan dogon katako ne kamar kwalekwale mai huda a baki ɗaya, na turaren tsinke irin na Indiya. Da a tsagar bango nake soke tsinken, toka ta yi ta zuba kan dadduma. Yanzu bayan sallar asuba nakan kunna ɗaya, kafin na gama izuna ya cinye, tokar duk tana kwance a cikin kwarin. Matsalarsa biyu: fanka na watsa tokar, kuma in hudar ta yi wa tsinken yawa sai ya karkace ya zubar waje. Da ɗan tsinken ashana nake tokare shi.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ko na katako ko na ƙasa, don Allah a daina rufe ɗaki ruf da garwashi, musamman da hunturu a ɗakin mai jego. Gawayi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari, farkonta ciwon kai da jiri. A fitar da jariri da mai asma, a turara, a buɗe taga, sannan a dawo da su.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Jiya daren Juma'a na yi ƙundunbala bayan magariba. Toka, garwashi ɗaya, ɗan hawi kaɗan, na ɗora kaskon kan faranti nesa da labule, na zauna gadinsa kamar mai jiran tuwo. Gindin ko ɗumi bai yi ba. Maigida ya shigo ya ce yau gidan ƙamshin Harami yake yi, sai da na kira surukar tawa ta ji da kunnenta. Na ƙasan dai ban jefar ba, Anti ta Maiduguri, yana nan ƙarƙashin kabbasa.