Taƙaitawa: sayen makin masaukin hutu

Ga abin da aka tattauna kan maki irin na kamfanin Marriott Vacation Club a Amurka, wato makin da ake saya a riƙa kama ɗakin hutu da su a masaukan kamfanin:

1. Kowa ya yaba da sauƙinsa: bana Orlando, baɗi wani gari, kwana uku ko mako.
2. Kuɗin gyara na shekara ne ƙarfen ƙafa. Ka je, ba ka je ba, sai ka biya, kuma kullum hawa yake.
3. Ɗaki a lokacin Kirsimeti sai wanda ya kama da wuri.
4. An rabu kan saye. Wasu sun ce na hannu ya fi araha nesa ba kusa ba, wasu sun ce kamfani na rage wa wanda ya sayi na hannu alfarma. Ni dai na hannu zan saya.
5. A jihar Fulorida kana da kwana 10 ka fasa sayen bayan sa hannu.